Wuyan da Inna Ta Hana a Tsaga

Yayana ne ya gina mu da laka, mu biyar a kan faranti ɗaya da bai fi faɗin faifai ba. A lokacin yana aiki a kamina, wurin da ake gasa jan bulo a bakin kogi kusa da Hasahisa. Ya riƙa satar lokacin cin abinci yana mulmula mu ɗaya bayan ɗaya, ya bari muka bushe a inuwa, sannan ya cusa mu cikin wuta tare da bulon mutane. Da aka buɗe kamina muka fito ja wur, babu wanda ya fashe. Ya naɗo mu a buhu ya kawo gida da la'asar, ya ajiye a tsakar gida ya ce kowa ya zo ya ga kansa.

Gidanmu a kambo yake. Haka ake kiran unguwannin 'yan ƙwadago da ke maƙale a gefen gonakin Jazira, tsakanin hanyar ruwa da gonar wani. Ni a lokacin budurwa ce, ina ajin ƙarshe na makaranta, Yaya ya girme ni da kaɗan. Inna ta haifi wasu a bayana, ba su tsaya ba. Saboda haka mu biyu ne kawai, sai Baba, sai mahaifiyarsa da muke kira Kaka.

Kaka ce ta fara gane kanta. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce, "Ɗan banza, har da tsagata." Da ƙaya ya ja mata tsagar gado a kumatu, layi bisa layi, irin wadda babu wanda aka ƙara yi wa a gidanmu bayan ita. Ya ɗora mata ƙunshi a ka, ya rataya mata gora, ya juya fuskarta gabas. Duk kambo an san dalili. Tana ƙaramar yarinya iyayenta suka taso da ita daga ƙasar Sakkwato a ƙafa za su Makka, suka tsaya a Jazira su tsinci auduga ta kaka ɗaya su samu guzuri. Har ta tsufa ba ta yarda an gama wannan kakar ba. In aka tambaye ta garinsu sai ta ce, "Mu bisa hanya muke." Ita ta hana Baba gini da jan bulo, wai matafiyi ba ya kafa tushe. Hukumar gonaki ma ta hana ɗan kambo yin gini mai ƙarfi. Sau ɗaya ke nan da na ga bakin Kaka da na hukuma ya zo ɗaya. Yaya yana gasa wa duniya bulo, mu muna kwana a ɗakin laka da rufin ciyawa.

Baba kuwa ya sa masa jallabiya da rawani irin na Larabawan da muke zaune da su, amma a kafaɗarsa fartanya ce gajeriya, irin tamu. A kan farantin Yaya ya ja kunyoyi kamar na gona, sai ya tsayar da Baba a wajensu, yatsun ƙafarsa kawai suka taɓa ta farko. Haka abin yake. Gonar da Baba ya ƙare ƙarfinsa a ciki, wadda ake kira hawasha, da sunan wani take. Mai ita yana zaune a gari, Baba yana nomawa, in an girbe a raba. Ni ya yi ni da littafi a hammata da baki buɗe, wai ina zuba Larabci kamar rediyo. Na kai masa duka ya kauce.

Inna kuwa ya zaunar da ita da tiren gyada a cinya, don ita ke soya gyadar da ake kai wa tashar mota. Ya juyar da kanta gefe. Shi kuma ya tsayar da kansa can ɗaya ƙarshen, nesa da ita, yana kallon ƙasa. A tsakaninsu akwai kunya ɗaya da ta fi sauran tudu. Na ɗauka hannunsa ne ya zame a wurin, ban ƙara tunanin abin ba.

Babu wanda ya yi mamakin nisan da ya sa tsakaninsa da Inna. Shi ɗan fari ne, kuma a wurinmu uwa ba ta kula ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana sai dole, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Kaka ce ta goye shi, a ɗakinta ya tashi. In Inna za ta ba shi abinci sai ta ce da ni, "Kai ma wancan." Ranar ma ba ta taso ta duba ba. Ta dai ɗago kai sau ɗaya daga bakin murhu, ta ci gaba da juya gyadarta a cikin yashi.

Baba ya dawo daga gona ya tsaya a kan abin, ya daɗe. Na ga ya gane fartanyarsa, har gefen bakinsa ya motsa. Sai ya tuna da kansa ya ce, "A'uzu billahi. Wanga gunki na. A hwashe shi."

Kaka ta ce, "Wa zai hwashe? Zo ka hwashe ni tukuna, ga ni zaune."

Ta sa Yaya ya kai mata ɗaki, ta tura ƙarƙashin gado. Baba bai iya gardama da uwarsa. Can abin ya zauna har damina ta wuce.

Shekarun yaƙin kudu ne, tsakiyar casa'in. Ana tare samari a kasuwa da tashar mota, a zuba su a babbar mota a kai su aikin soja. Kasha ake kiran kamen. Yaya ya bi motar bulo zuwa kasuwar Hasahisa wata Talata, direban ya dawo shi kaɗai. Ya tsaya a ƙofar gida yana murza hularsa ya ce an yi kasha a bakin kasuwa, an tafi da Yaya da wasu, ko takalminsa ɗaya ma a ƙasa ya bari. Ya miƙa mana takalmin.

Mata suka cika gida jaje. Kaka suke yi wa, don ita ce uwarsa a idon kowa. Ta yi kuka har muryarta ta dishe. Inna ta shimfiɗa musu tabarma, ta dafa shayi, da yamma ta soya gyada kamar kullum. Haushinta ya kama ni ƙwarai. Na ce a raina ko akuya aka kama wa ɗa ai ta yi kuka. Ni kaina ban yi kukan ba. Ji na yi kamar an cusa mini auduga a kunne da ƙirji, ana magana ina jin ta daga nesa, kuma haka na zauna shekaru.

Bayan 'yan kwanaki Inna ta shiga ɗakin Kaka, abin da ba ta cika yi ba, ta durƙusa ta jawo farantin daga ƙarƙashin gado. Ta kakkaɓe ƙurar da bakin zanenta, ta kai ɗakinta ta ɗora a kan akwatin kaya.

Ɗakin Inna shi ne ɗakin Baba, can yake kwana, can yake nafila. Ya tafi wurin liman ya dawo da sassauci. Liman ya ce mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da ke da siffar mai rai, amma in an ja layi a wuya an raba kai da jiki, siffar ta mutu, ta zama laka kawai. Mu 'yan makaranta mun san wannan. In muka zana mutum a darasi, mukan ja masa layi a maƙogwaro kafin mu miƙa wa malama. Baba ya kawo guntun zarton ƙarfe ya ba ni, don idona ya fi nasu gani.

Na zauna a bakin ƙofa da farantin a cinyata. Gasasshiyar laka tana da tauri, sai an goga an goga. Zarton yana wata ƙara siririya mai sa haƙori tsami, jan gari yana zuba a zanena. Na fara da Kaka, tana daga gefe tana cewa in yi a hankali kada in zubar mata da kaya. Na yi Baba. Na yi Inna. Na yi kaina, ban ji komai ba, har na lura ya yi mini wuya dogo fiye da nawa. Da na juya farantin na ɗora zarton a wuyan Yaya, sai hannun Inna ya sauko ya zare shi daga nawa.

Ta ce, "Khalas. Ya isa."

Baba ya ce, "Saura guda."

Ta ce, "Na gani."

Ya dube ta, ta dubi ƙasa. Ba za ta iya cewa ɗanta yana inda ake yanka mutane ba, kuma ba za a ja wuƙa a wuyansa a cikin ɗakinta ba. Ko "ɗana" ba za ta iya furtawa ba. Ta ɗaure zarton a bakin zanenta, ta ɗauki farantin ta mayar kan akwati. Baba ya ce, a hankali, ba da faɗa ba, "To ni ba ni shiga ɗakin da mala'iku ba su shiga." Ya ɗauki buzunsa da butarsa ya koma rumfa.

Na zaci abin na mako ɗaya ne. Ya kai shekara goma sha wani abu. Ba gaba suke yi ba. Tana kai masa abinci rumfa, suna hira a kan ruwan gona da tsadar gawayi, in zai fita ya tsaya a bakin ƙofarta ya yi sallama. Ƙafarsa dai ba ta tsallake dokin ƙofar ba. In ruwa ya sauko ya shiga ɗakin Kaka. Mutanen kambo sun yi gulma har suka gaji. Ni kuwa duk su biyun haushi suke ba ni, ina ganin manya biyu sun mayar da kansu yara a kan ɗan guntun bulo.

Labarin Yaya yana zuwa jefi-jefi. Wani ya ce ya gan shi a wani sansani a kudu, ya rame. Wani ya ce zazzaɓi ya kashe shi tun shekarar farko. Wani ya rantse ya tsallaka Habasha ya yi aure. Baba ya sa jallabiyarsa mai kyau ya bi ofisoshi, ni ina biye da shi saboda Larabcina ya fi nasa. A ko'ina sai an fara tambayarsa asalinsa, da inda aka haifi ubansa, da shaidar cewa shi ɗan ƙasa ne. Ranar da aka jefa Yaya a mota babu wanda ya tambaye shi ko ɗaya daga cikin waɗannan. Na faɗa wa wani ma'aikaci haka a fuskarsa, Baba ya taka mini ƙafa. Muka dawo a motar haya. In mun iso gida Kaka ce ke tambaya. Inna takan tsaya da tsintsiya a kusa, tana sharar wurin da ta riga ta share.

Kaka ta rasu ba ta ga Makka ba, ba ta ga jikanta ba. Aka kwantar da ita tana fuskantar gabas kamar kowa. Baba ya koma ɗakinta. Auduga ta ja baya, hanyoyin ruwa suka cika da laka da ciyawa, masaƙar Hasahisa ta yi shiru. Na zama malamar makaranta, na yi aure a gari, na haifi 'ya mace. A aji nakan ga yara suna ja wa zanensu layi a wuya, ba na hana su, ba na kuma sa su. Aka yi sulhu a kudu, waɗanda za su dawo suka dawo, wasu da ƙafa ɗaya. Aka daina kawo mana ko labarin ƙarya. Baba bai ce a yi wa Yaya addu'ar mamaci ba, Inna ba ta ce ba, ni ma ban ce ba. In na je gida nakan shiga ɗakin Inna in ga farantin a kan akwati, babu ƙura ko kaɗan, wuya huɗu da layi, ɗaya sumul.

Wata damina mai ƙarfi ɗakin Kaka ya rushe. Allah ya sa Baba yana masallaci. Ya koma rumfa, ga shi ya tsufa, ga tari ya kama shi, ga sauro. Na zo daga gari da 'yata na tarar da shi a kan gadon igiya an lulluɓe shi da leda, ruwa yana ɗiga ta rufin. Raina ya ɓaci. Na ce masa ya shiga ɗaki, ya ce yana nan lafiya. Na shiga wurin Inna na ce to ta ba ni farantin in tafi da shi Hasahisa, in ajiye mata, kowa ya huta.

Tana ɓarar gyada, ba ta ɗago ba. Ta ce, "An hitar da shi gidan ga sau guda. Ba a ƙarawa."

Ban taɓa jin ta yi magana a kan Yaya mai tsawon wannan ba.

'Yata tana da shekara shida a lokacin. A gari ta tashi, Larabci ne a bakinta, Hausarta tsinto ce. Ta hau kan akwati tana bin mutanen da yatsa, ina gaya mata wannan wane, wannan wance. Sai ta ɗora yatsa a kan tudun nan da ke tsakanin Inna da Yaya ta ce, "Yumma, da shinu?" Wato mene ne wannan.

Na ce, "Kunya ce."

Ba ta taɓa riƙe fartanya ba, ba ta san gona tana da kunya ba. Kunya ɗaya ta sani, wadda ake ce mata ta ji in baƙi sun zo. Ta dubi tudun, ta dubi matar da ta juyar da kai, ta ce, "Kunyar wa? Ta Habboba?" Haka take kiran Inna.

Na buɗe baki zan gyara mata, sai na sake duban tudun. Shekara da shekaru ina kallon farantin nan, na karanta ƙunshin Kaka, na karanta ƙafar Baba, ban taɓa ganin wannan ba. Hannun Yaya bai zame ba. Mai shaƙiyanci ne, da gangan ya tara lakar a wurin. Kuma da na duba da kyau, kan Inna da ya juyar gefe, bai juyar da shi duka ba. Ta gefen ido tana kallon wanda ke bayan tudun. Ya sani ke nan. Duk shekarun da take cewa a kai wa wancan, ya san wa ke zaɓa masa tsoka a miya.

Ƙarar ɓarar gyada ta tsaya. Inna ta ce wa yarinyar, "Sauka, kar ki hwaɗi."

Muka kwana a kambo saboda hanya ta yi laka. Da safe ina hura gawayi a tsakar gida, Baba yana tari a rumfa, sai na ji ƙarar nan siririya mai sa haƙori tsami. Ban manta ta ba. Na san ta tun kafin in gane daga ina take fitowa. Ban tashi ba. Na ci gaba da fifita wutar da ta riga ta kama. Baba ma ya ji, don tarinsa ya tsaya cak.

Ta daɗe tana gogawa, hannunta ba ƙarfi kuma zarton ya yi tsatsa. Da ƙarar ta ɗauke ta fito bakin ƙofa, jan gari a cinyar zanenta da yatsunta. Ta ce wa Baba, "Malam, shigo daga ruwa."

Baba ya tashi zaune da ƙyar. Ya dubi hannunta. Na zaci zai ce alhamdu lillahi, tunda abin da ya nema ke nan tun ina budurwa. Sai ya ce, "Wa yac ce ki yi?" Ya ƙara da cewa, "Da kin bar shi. Ni ina iya zama nan."

A nan na gane shi ma rumfar nan da ita yake riƙe da ɗansa. Muddin yana waje, wuyan yana nan lafiya.

Inna ta ce, "A gaya ma liman. A yi sadaka ran Juma'a, a yi ma..." Sai ta faɗi sunansa. Cikakke, yadda aka raɗa masa. Ban taɓa jin sunan a bakinta ba, ya fito mata a karkace kamar kalmar wani yare. Ta sake faɗa, a hankali, wannan karon ba da kowa take ba.

Ina so in ce na yi kuka, amma ban yi ba. Audugar nan tana nan a ƙirjina inda take. Na tashi na kama Baba ta hammata, Inna ta kama ɗaya gefen. A bakin ƙofa ya tsaya, ya cire takalmansa ya jera su, ya yi sallama kamar baƙo. Inna ta amsa masa. Muka ɗaga ƙafarsa muka tsallakar da ita.